Ciyawar da Ta Tsiro a Ƙarƙashin Bututu

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya kai ni Zariya, Ya kuma dawo da ni gida da mutuncina.

Sunana Lawali, mutumin Damagaram ne ni a ƙasar Nijar. Sana'ata ɗura gas ɗin girki a tukwane, kuma na daɗe a cikinta. Da aka fara maganar masana'antu za su koma aiki da gas ɗin da ake haƙowa daga ƙasa, sai maigidana ya ce in tafi Najeriya in koyo yadda ake auna shi, don akwai wata ƙaramar makarantar koyon sana'a a Samaru ta Zariya da ke koyar da hakan. Ya ce in dawo masa da takardar shaida, zai ɗora ni a kan sabon aikin da yake shirin buɗewa. Na bar mata da 'ya'ya, na kamo hanya.

Na sauka a tashar Kwangila da ke Zariya da hantsi. Ban gama gyara jakata a kafaɗa ba sai ga wani mutum cikin farin kaftani ya yi mini sallama. Da ya ji yadda na amsa, sai ya washe baki.

"Kai, wannan harshe na Damagaram ne! Ai kakata 'yar can ce. Masauki kake nema?"

Na ce masa e. Ya kai ni Samaru, ya buɗe mini wani ɗaki har da katifa da littattafai, ya ce mai ɗakin ya gama karatu ya tafi, ya bar kayan sadaka. Na biya shi kuɗin haya, na yi masa addu'a har da kakarsa. Daga ranar ban sake sa shi a ido ba.

Bayan 'yan kwanaki, na sallame sallar La'asar kenan sai na ga wani mutum tsaye a bakin ƙofa da akwati a hannu, yana kallona a kan dardumarsa. Shi ne mai ɗakin, Bashir, ɗalibi ne da ke karatun digiri na biyu, ya dawo daga hutu. Na kwashe labari na faɗa masa. Sai ya fashe da dariya.

"Mai farin kaftani ko? Wallahi bara kakarsa 'yar Maraɗi ce. To Malam, ni dai ba zan kore ka ba. Ka iya shayin nan naku mai kumfa?"

"Na iya."

"Shi ke nan, an gama magana. Shayi ne hayarka."

Haka na zauna da Bashir har na bar Zariya. Allah Ya saka masa da alheri.

A makaranta kuwa na gamu da wata wahalar. Da Turanci ake karatu, ni kuwa abin da na sani shi ne allo da ajami, sai ɗan Faransancin kasuwa. Ko Hausar ma dariya ake yi mini. In na ce zan tafi lakwal, wato makaranta, sai a ce in maimaita. Malamarmu Injiniya Rifkatu ce, Kirista daga kudancin Kaduna, mace mai faɗa amma marar riƙo. Kowa Madam yake ce mata. Tana yawan juyawa zuwa Hausa in ta ga mun yi zuru, ni kuma duk abin da ta faɗa da Hausa sai in rubuta shi da ajami. Wata rana ta tsaya a kaina tana kallon takardata.

"Malam Lawali, laya kake rubuta mini?"

"Karatunki ne, Madam. Hausa ce."

"To karanta in ji."

Na karanta mata duka, har da inda ta ce wa wani da ya makara ya koma ya ƙarasa barcinsa. Aji ya ɗauki dariya, ita ma ta yi. Daga ranar, in an tashi sai ta zaunar da ni ta maimaita mini darasin da Hausa.

Abin da ta fi nanata mini shi ne gas ba gero ba ne. Mudun gero da safe shi ne mudun gero da rana. Shi kuwa gas kamar auduga yake: in ka danna ta, mudu ɗaya zai ci mai yawa, in ka bar ta a sake, kaɗan ce za ta cika shi. Matsi yana danne gas, zafi yana kumbura shi, sanyi kuma yana tsuke shi. Ta ɗauko robar ruwa da babu komai a ciki, ta rufe ta gam ta ajiye a rana, muka ga ta yi tauri ta kumbura. Ta tsoma ta a ruwan sanyi, sai ta lotse.

"Ka gani? Iskar da ke ciki ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Mitar da ke auna gas ba ta san wannan ba, ita cikar mudu kawai take ƙirgawa. Shi ya sa ake haɗa ta da ma'aunin zafi da ma'aunin matsi. Su biyun suke gaya wa akwatin lissafi halin da gas yake ciki, shi kuma ya gyara awon ya koma daidai. In ɗayansu ya yi wa akwatin ƙarya, to an cuci wani, ko mai saye ko mai sayarwa."

Wannan magana ta zauna mini, don tun ina yaro a gaban malaminmu na san irin gargaɗin da Allah Ya yi wa masu tauye mudu.

Da karatu ya yi nisa sai aka rarraba mu wuraren koyon aiki. Ni aka tura ni unguwar Chikaji, wani gidan burodi da ya daina ƙona itace ya koma gas. Kamfanin da Madam take yi wa aiki ne ke kawo gas ɗin a tirela, cikin dogayen tukwane, ya bi ta bututu ya wuce ta mita zuwa tanda. Aikina shi ne in zo kullum bayan La'asar, in an tashi daga makaranta, in duba ko akwai yoyo, in karanta awo, in aika wa Madam. Makullin akwatin lissafi yana hannuna. Abu ɗaya ne bai kasance yadda ya kamata ba: ma'aunin zafin da ke shiga cikin bututun ya lalace tun kafin zuwana, an aika Legas a kawo wani, kafin nan sai aka ɗaura na wucin gadi a bayan bututun daga waje.

Mai gidan burodin Oga Emeka ne. A Sabon Gari aka haife shi, Zazzagancinsa ya fi tawa Hausar gudu. Mutum ne mai ƙwazo da saurin fushi. Mahaifiyarsa kuwa, wadda kowa ke kira Mama, tsohuwa ce da ke zama a kan benci a bakin ƙofar baya tana lura da masu naɗe burodi. Ranar farko ta dube ni sama da ƙasa.

"Ɗana, daga ina?"

"Daga Nijar, Mama."

"Ka bar uwarka a can?"

"Ta rasu. Mata da yara na baro."

Ta shiga ciki ta fito da burodi mai zafi da gyaɗa a leda. Na ce ta bar shi, na gode. Ta ce, "Karɓi. Ƙaramin ɗana yana ƙasar waje. Wata tsohuwa tana can tana ba shi abinci, ni ma in ba na wata."

Kewar gida ta fi damuna a lokacin nan. Ina marmarin hurar gidanmu, ta Zariya ba ta yi mini. In na kira waya, ƙaramar 'yata sai ta tambaye ni ko Zariya ta fi kasuwa nisa, me ya sa ban dawo cin tuwo ba. Sai in gama wayar in zauna kusa da mita in yi tagumi. Mama ce take lura. Takan ce, "Ɗan Nijar, cire hannun nan daga kumatu, zo ka ba ni labarin raƙuma." Ita ce mutum ɗaya a Chikaji da take tambayata ko na ci abinci.

Da bazara ta kama, zafi ya yi tsanani, sai rigima ta tashi. Wata rana na iso na tarar masu sarin burodi sun cika ƙofa da kekunansu da baburansu. Oga Emeka ya fito yana huci.

"Kai ɗan Nijar, zo nan! Fulawar da nake murzawa ba ta ƙaru ba, tandata ita ce dai, burodina shi ne dai. To me ya sa mitarku take cewa gas ɗin da nake sha ya ƙaru? Wa ke riƙe da makulli?"

"Ni ne, Oga."

"To kai ne ɓarawon! Kullum carbi a hannu, ashe kana nan kana murɗa mini akwati. Nawa suke ba ka? Wallahi sai na haɗa ka da jami'an shige da fice, su mayar da kai inda ka fito!"

Wani daga cikin masu sarin ya ce, "Oga, a bi a hankali mana." Wani kuma ya ce, "Ai masu shiru-shirun nan sai Allah." Mama ta taso tana cewa, "Emeka, ka ji tsoron Allah, yaron nan ba ya sata," amma bai saurare ta ba. A garinmu ba a taɓa kirana ɓarawo ba.

Washegari Madam ta kira ni gefe. Ta ce ƙorafin ya kai ga manyan kamfanin, sun ce a cire ni, kuma wanda aka cire daga wurin koyon aiki kan zargin taɓa mita ba ya samun takardar shaida. Ta ce ta roƙe su su dakata zuwa ƙarshen mako.

"Malam Lawali, dube ni. Ka taɓa akwatin nan?"

"Madam, Allah ne shaidata, ban taɓa komai ba sai abin da kika koya mini."

"Na yarda da kai. Amma Emeka ma ba ƙarya yake yi ba, na duba lissafinsa. Akwai abin da ke faruwa a lokacin da ba ka nan. Gobe kar ka zo aji. Je ka zauna gaban mitar nan tun safe, kar ka taɓa komai. Idonka kawai nake so."

Abin da ya fi tsorata ni ba korar ba ce kaɗai. Na riƙa tunanin ko na yi wani kuskure ban sani ba, ana tauye wa mutum awo ta hannuna. Da wace fuska zan koma wa maigidana, da wace fuska kuma zan tsaya gaban Allah? Bashir ya ga na kasa shan shayin da na dafa da kaina, ya ce, "Malam, sha abinka. Wanda bai ci na kowa ba ai ba ya kwana da fargaba."

Na isa Chikaji da sassafe na sami wuri a gefen katanga na zauna. Ma'aunin matsi yana tsaye inda ya kamata. Lambar zafi tana hawa a hankali yadda rana ke hawa. Ina nan zaune sai idona ya sauka ƙasa. Duk filin a bushe yake ƙamas, rabon sama da ruwa an daɗe, amma daidai ƙarƙashin bututun, wajen da aka ɗaura ma'aunin zafi, ga ciyawa ta tsiro kore shar. Na sha ganinta da yamma ban kawo komai a raina ba. Na taɓa ƙasar wurin, na ji da ɗan danshi. Gas ba ya zubar da ruwa. To wa ke ba ciyawar nan ruwa?

Da rana ta take, inuwar katanga ta janye daga kan bututun, sai ga Mama ta fito da bokiti a hannu ɗaya, buhun algarara a ɗayan. Ta gan ni ta yi murmushi.

"A'a, ɗana, yau da wuri? Kar ka damu da haukan Emeka, zai huce."

Ta tsoma buhun a bokiti, ta ɗaga shi yana zuba, ta lulluɓe bututun da shi, har da ma'aunin zafin. Ta ƙara yayyafa ruwa a kai. Na juya na kalli akwatin. Ba a jima ba lambar zafi ta fara sauka, tana sauka, a tsakiyar ranar bazara, tanda tana ci da ƙarfinta.

"Mama, tun yaushe kike yin haka?"

"Tun da zafin nan ya fara. Ka taɓa ƙarfen nan da rana? Kamar wuta. A gida ma haka nake yi wa tukunyar gas ɗina. Nakan yi ta jiƙa shi har inuwa ta dawo, sannan in cire." Ta rage murya. "Kai ne mai zama kusa da shi. In ya fashe, me zan gaya wa matarka?"

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Mu ma a Damagaram haka muke naɗe jarkar ruwa da jiƙaƙƙen buhu don ta yi sanyi. Dabara ce mai kyau, kowa ya san ta. Amma a nan buhun yana sanyaya ma'aunin ne, gas ɗin da ke gudu a ciki kuwa yana nan da ɗuminsa. Akwatin sai ya ɗauka gas mai sanyi ne, tsukakke, ya rubuta fiye da abin da ya wuce. Tsohuwar da ke tsoron kar in ƙone, ita ce take jawo wa ɗanta asara, ni kuma take jawo mini sunan ɓarawo, ba ta sani ba.

Na tafi masallaci na yi Azahar, na daɗe a zaune. In na faɗa, na tona asirin wadda ta riƙe ni kamar ɗa, kuma na san bakin Oga Emeka. In na yi shiru, na tafi gida babu takarda, ga sunan sata, kuma ko bayan tafiyata awon zai ci gaba da karkacewa. Na ga babu hanya sai gaskiya, amma na ƙudura ita zan fara gaya wa kafin kowa.

Na dawo na durƙusa gaban bencinta na yi mata bayani da misalin audugar nan. Ta saurara har na gama. Ta dubi buhun, ta dube ni.

"Kana nufin ni ce?"

"Buhun ne, Mama. Ke alheri kika nufa."

"Buhu ba ya tafiya da ƙafarsa. Kira Madam ɗinku."

Madam ta iso a keke napep wajen La'asar, daidai lokacin da masu sari suka fara taruwa. Ta ji bayanina, ta duba ciyawar, ta girgiza kai. Ta sa aka kira Oga Emeka. Ta cire buhun ta ce ya zuba ido a kan lambar zafi, ya ga ta hau. Ta sake jiƙa buhun ta ɗora, ya ga ta sauka, ta kuma nuna masa yadda awon gas ke ƙara gudu alhali wutar tanda ba ta canja ba.

Idanunsa suka yi ja. Ya juya wajen ma'aikatansa. "Wane ɗan iska ne yake ɗora buhu a nan? Yau sai ya bar gidan nan!"

Mama ta miƙe daga bencinta a hankali. "Ga 'yar iskar nan. Kore ni."

Wani mai sari ya toshe bakinsa da hula. Oga Emeka ya ce wani abu da yarensu a hankali, ita kuma ta mayar masa da Hausa don kowa ya ji.

"Ni na yi, kuma don tsoron wuta na yi. Ban san ina ɓata awo ba, yanzu na sani. Kai kuma ka kira bawan Allah ɓarawo a gaban mutanen nan. To ga su nan, ba su tafi ba."

Madam ta sa baki. Ta ce, "Oga, ni ma da nawa laifin. Ni na yarda a bar ma'aunin a waje, na kuma bar shi ya daɗe. Da yana cikin bututu da buhun Mama bai yi wannan ɓarnar ba. Kamfani zai gyara maka lissafinka. Mama, bututun nan an yi shi ne ya jure zafin da ya fi wannan, ba zai fashe ba. Amma za mu yi masa rumfa, don ranar ma tana sa ma'aunin ƙarya."

Oga Emeka ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya tako ya kama hannuna da hannu biyu.

"Malam Lawali, na zalunce ka. Jama'a, ku shaida, mutumin nan bai ci mini komai ba. Ka yafe mini."

Ranar ce ya fara kiran sunana. Na ce na yafe, Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Wanda ya ce masu shiru-shiru sai Allah, shi ya fara miƙo mini hannu, yana cewa shi dama ya san ba zan aikata ba.

Ba a daɗe ba sabon ma'aunin ya iso, Madam ta sa ni na saka shi da hannuna tana tsaye a kaina. Oga Emeka ya kira mai walda aka kafa rumfar kwano. Ciyawar kuwa ta bushe da aka daina ba ta ruwa. Na ƙarasa karatuna, aka ba ni takardata, kuma da ita nake cin abinci yau.

Ranar da zan taho na biya Chikaji yin sallama. Mama ta cika mini leda da burodi, ta ce na yara ne, kar in taɓa a hanya. Sannan ta jawo wata ƙaramar jarka daga ƙarƙashin bencinta. An naɗe ta da buhun algararar nan, an ɗinke shi tsaf da zare, yana ɗigar ruwa.

"Karɓi, ɗana. Hanyarku akwai zafi. Wannan dai na tambayi Madam, ta ce babu ma'auni a jikinsa."

Na karɓa muna dariya, idanunmu duka sun cika. Har muka tsallaka iyaka ruwan nan da sanyinsa. Jarkar tana rataye a zaurena yanzu, kuma duk wanda nake koya wa aikin mita, da ita nake fara masa darasi. Allah Ya ba Mama lafiya da nisan kwana, Ya sa ɗanta da ke ƙasar waje ya gamu da irinta.